Kyandir ɗin kunne: na kunna ɗaya a kunnena, na kunna ɗaya a kwalba

Idan da taurari 5 ake auna kaya, tauraro 1 kyandir ɗin kunne ya samu a wurina. Shi ma ɗayan ba don ya fitar da wani abu daga kunnena ba ne. Na ba shi ne saboda ƙamshinsa da kuma kwanciyar kusan minti 15 da ya tilasta mini ba waya a hannu. A aikin da ake sayensa dominsa kuwa, wato cire dattin kunne, babu abin da ya tsinana. Na san da yawa sun ga bidiyoyin nan da ake tsaga guntun kyandir bayan an kashe wutar, a nuno wani dunƙulen abu mai ruwan ƙasa a ce wai daga kunnen mutum ya fito. Wannan dunƙulen shi ne duk cinikin, kuma a kansa mafi yawan maganata za ta tsaya.

Aikina sauraro ne. Hirarrakin da aka naɗa nake mayarwa rubutu, saboda haka 'yar na'urar sauraron nan mai shiga cikin kunne kusan wuni take yi a kunnena. Sannu a hankali na hagu ya fara toshewa. Muryata sai in ji tana amsa kuwwa a cikin kaina, in ina tauna abu ƙarar taunar ta danne maganar wanda ke gefena, bayan wanka kuma abin ya ƙara ta'azzara, don dattin yana shan ruwa ya kumbura. Babu ciwo, babu ruwa mai fita, toshewa ce kawai mai ban haushi. A irin wannan hali ne mutum ke fara kallon tallace-tallacen intanet da idon rahama.

Abin da ya zo a kwalin bai yi kama da kyandir ɗin da muka sani ba. Ba shi da lagwani, cikinsa kuma rami ne tun daga sama har ƙasa. Ƙyallen auduga ne aka naɗe aka tsoma a kakin zuma ya sandare. Wasu kamfanonin da kakin farafin suke yi. Tsawonsa kamar santimita 25, baki ɗaya ya fi ɗaya tsukewa, shi ake sakawa a kunne. Kusa da ƙasan akwai jan layi, alamar inda za a kashe wutar. Biyu-biyu ake haɗa su, kowane kunne da nasa. In dai kyan aiki ne, ba laifi: naɗin ya yi tsaf, ƙamshin zuma da na wasu ganyaye yana tashi tun kafin a kunna.

Takardar da ke ciki ta fi kyandir ɗin ban sha'awa. A cewarta, idan wuta na ci daga sama, iska mai zafi tana tashi ta cikin bututun sai ta zuƙo datti daga kunne, ɗumin kuma ya narkar da abin da ya daskare. Daga nan sai ta zarce: yana maganin ciwon kai, da toshewar hanci, da jiri, da ƙarar da wasu ke ji a kunne, yana kuma fitar da "guba" daga jiki. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe waɗanda sai an kanne ido ake karantawa, an ce wannan kaya na shaƙatawa ne kawai, ba kayan magani ba ne. Takarda ɗaya, baki biyu.

Ba abu ne da mutum zai yi shi kaɗai ba, don haka na nemi ƙanina. Muka tanadi abin da takardar ta ce: tawul mai ɗan laima a rufe gashi da kafaɗa, farantin takarda da aka huda tsakiyarsa a zura kyandir ɗin don ya tare tokar da ke faɗowa, almakashi, da kwano cike da ruwa. Na kwanta ta gefen dama, ya dasa tsukakken bakin a kunnen hagu, ya ƙyasta ashana.

Harshen wutar ya fi yadda nake zato tsawo. Ni ban gan shi ba sai haskensa a bango, amma daga yadda ƙanina ke ta maimaita "Yaya, don Allah kar ka motsa" na gane abin ba wasa ba ne. A cikin kunnen wata ƙara ce ke tashi, shuuu, kamar rediyon da bai kama tasha ba, ga ɗumi a kumatu da bayan kunne. Akwai daɗi kam, ba zan hana shi wannan ba. Jefi-jefi ƙanin nawa yakan datse ɓangaren da ya ƙone ya jefa a ruwa, da wuta ta kai jan layin ya zare ya tsoma a kwano.

Sai aka zo wurin da kowa ke jira. Ya tsaga guntun da ya rage, ga dunƙulen nan mai ruwan ƙasa, mai danƙo, da wani gari rawaya-rawaya manne a jikin ƙyallen. Ya riƙe baki ya ce, "Yaya, ashe duk wannan kake ɗauke da shi a kai?" Shi kam ya gama gamsuwa. An ce gani ya kori ji, to amma a nan jin ne abin nema, kuma kunnen nawa yana nan a toshe yadda yake. Na kunna hirar da nake aiki a kanta, sautin hagu yana nan a dishe.

Abin da ya fara tsaya mini a rai girman dunƙulen ne. Ramin kunnen babban mutum tsawonsa kamar santimita 2 da rabi ne kacal, faɗinsa bai kai santimita 1 ba. Abin da ke kan farantin nan, da a ce daga ciki ya fito, da ya cika ramin fal har ya yi saura, kuma da tuni na ji iska ta shiga. Sannan ta ina ya bi? Ƙofar tsukakken bakin 'yar ƙarama ce, kuma da na duba ta tas take, babu alamar wani abu mai danƙo ya ratsa ta ya hau sama.

Kyandir na biyu, wanda aka yi don kunnen dama, bai shiga kunnen kowa ba. Na wanke wata kwalba na busar da ita, muka tsayar da shi a bakinta, muka kunna, muka bar shi ya ci har jan layi. Da muka tsaga: dunƙule iri ɗaya, launi iri ɗaya, gari iri ɗaya, har ma ya ɗan fi na farko yawa. Kwalba dai ba ta da dattin kunne. Abin da ake nuna wa mutane a bidiyo kakin kyandir ɗin ne da ya narke ya gangaro ta ciki, ya haɗu da hayaƙi da tokar ƙyalle ya yi duhu, ya daskare a inda bututun ya tsuke. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma yana gindin kwalbar. Wani farin gari ya kwanta a can, jikin gilashin kuma ya yi hazo da hayaƙi. Wato abin da ke tafiya a cikin bututun nan ƙasa yake yi, ba sama ba, kuma irin abin da ya sauka a kwalba shi ya sauka a kunnena.

Nawa gwajin na cikin ɗaki ne, masana sun riga ni da shekaru masu yawa. A 1996 wasu masu bincike 3 a Amurka, Seely da Quigley da Langman, sun buga sakamakon aikinsu a mujallar likitocin kunne da maƙogwaro mai suna Laryngoscope. Sun haɗa samfurin ramin kunne suka auna ko kyandir ɗin yana haifar da wata zuƙa, ba su samu ko kaɗan ba. Sun gwada shi a kunnuwa 8, babu wanda aka cire wa datti, a wasu ma kakin kyandir ne ya zauna a ciki. Sannan suka tambayi likitocin kunne 122, aka tattaro raunuka 21 da kyandir ya jawo: mafi yawansu ƙuna ne, sai toshewar kunne da kakin kyandir, sai mutum guda da dodon kunnensa ya huje.

In aka yi tunani ma, sa'a ce da kyandir ɗin ba ya yin abin da aka ce yana yi. Dattin kunne abu ne mai danƙo, mai kama jiki. Zuƙar da za ta ɓamɓaro shi ta haura da shi cikin bututu ba ƙarama ba ce, kuma a ƙarshen ramin akwai dodon kunne, 'yar fatar da kaurinta kamar kashi 1 cikin 10 na milimita ne. Ƙarfin da zai iya ɓamɓaro dattin zai yi wa wannan fatar illa. Ita wannan fatar kuma ita ce amsar sauran alkawuran takardar. Ramin kunne lungu ne da ba ya ɓullewa, dodon kunne ya rufe ƙarshensa ruf. Babu hanyar da hayaƙin kyandir zai bi ya kai hanci, ko ƙwaƙwalwa, ko jini, balle ya kwaso wata guba ya dawo da ita.

A jikin kwalin an rubuta cewa dabara ce ta dā da aka gada daga ƙabilar Hopi, 'yan asalin Amurka da ke jihar Arizona. Su mutanen Hopi ɗin sun fito sun ce ba su san wannan abu a al'adarsu ba, sun kuma nemi masu sayarwa su daina jingina shi gare su. Har yau ana ci gaba da buga sunansu a kwali. Wasu kamfanonin kuma Masar ta dā suke ambata, wasu Sin, wasu Tibet, kowa da inda ya ga zai fi burge mai saye.

Hukumomi ma sun yi magana. A watan Fabrairun 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a da su guji kyandir ɗin kunne, tana cewa yana iya raunata mutum ko da an bi umarnin da ke jikin takarda sau da ƙafa. A Kanada an hana sayar da shi da sunan magani. Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2017 kan toshewar kunne da datti, ta ce kada a yi amfani da shi. Daga nan ne na gane dalilin ƙananan baƙaƙen nan na "shaƙatawa kawai": manyan baƙaƙen na mai saye ne, ƙananan na hukuma.

To me ya sa ake ta yabonsa? Ban ɗauka duk masu yabon maƙaryata ne ba. Mutum ya kwanta shiru, wani na kula da shi, ga ɗumi, ga ƙamshi, dole ya tashi da sauƙin jiki. Sannan kunnen da ya ɗauki minti 15 yana jin ƙarar wuta dab da shi, da zarar an zare abin sai ɗakin ya yi tsit, mutum ya ji kamar an buɗe masa wani abu. Uwa uba kuma ga "shaida" a kan faranti. Wayon abin shi ne shaidar ba ta taɓa ƙarewa. In kunne bai buɗe ba, takarda ta ce a sake bayan kwana biyu, alama ce dattin da yawa. In an sake, wani dunƙulen zai fito, tunda kyandir ɗin ne ke haifar da shi. Ko sau ɗari aka yi haka za a gani, sai kwali ya ƙare a sayi wani.

Daga bisani na je asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta leƙa kunnen da 'yar fitilar nan mai madubi, ta ɗago ta ce, "Malam, me ka zuba a nan?" Na ce, "Sista, kyandir ne." Ba ta yi mamaki ba. Ta ce dattin yana nan daram, ya taurare, ga kuma wani farin gari a samansa. Ta sa na riƙa ɗiga man zaitun na 'yan kwanaki don ya yi laushi, da na koma ta cire shi da wani siririn bututu mai tsotsa, tana kallon cikin kunnen ta madubi mai girmama abu. Na'urar tana da ƙara, akwai kuma ɗan ƙaiƙayi, amma cikin 'yan mintuna aka gama. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin, bai kai rabin farcen ƙaramin yatsana ba, kuma bai yi kama da dunƙulen kyandir ko kusa ba. Kafin in sauka daga kujerar na fara jin motsin rigata ta ɓangaren hagu.

Ita ce ta ce mini wannan abu da muke kira datti ba ƙazanta ba ce, jiki ne ke yin sa da gangan. A kashi 1 cikin 3 na ramin kunne, ɓangaren da ke kusa da waje, akwai wasu ƙananan gurabu a fata masu fitar da maiƙo, shi ne ke haɗuwa da matacciyar fata ya zama abin da muke gani. Yana kama ƙura, yana hana fatar ramin bushewa da ƙaiƙayi, ɗan tsamin da ke cikinsa kuma yana takura wa ƙwayoyin cuta. Kunnen yana share kansa: fatar ramin tana tafiya a hankali daga dodon kunne zuwa waje ɗauke da dattin, motsin muƙamuƙi wajen magana da tauna yana taimaka mata, har ya iso bakin kunne ya bushe ya faɗi. Abin da ke ɓata wannan tsari yawanci mu ne. Tsinken auduga, da na'urar sauraro irin tawa, da na'urar taimakon ji ta masu raunin kunne, duk suna tura dattin baya suna danne shi. Wasu kuma ramin nasu tsukakke ne ko mai gashi, tsufa ma yana busar da dattin. Ƙiyasin da likitocin Amurka ke kawowa shi ne yaro 1 cikin 10 da babba 1 cikin 20 na fama da wannan toshewa, a cikin tsofaffi kuwa abin ya haura kashi 1 cikin 3. Wani abin ban sha'awa: a 2006 masu bincike a Japan sun gano cewa ƙwayar gado guda, ABCC11, ita ke tsara ko dattin kunnen mutum mai danƙo ne ko busasshe. Mafi yawan mutanen Afirka da Turai mai danƙo gare su, mafi yawan na gabashin Asiya busasshe. Dunƙulen kyandir kuwa a kowace nahiya launinsa ɗaya ne.

Wanda yake son abin da zai yi a gida, akwai, kuma babu wuta a ciki. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba da shawarar ɗigo 2 zuwa 3 na man zaitun a kunne, sau 3 zuwa 4 a rana, na kwana 3 zuwa 5, mutum yana kwance a gefe na 'yan mintuna bayan kowace ɗigawa. Sau da yawa dattin yakan fito da kansa cikin mako biyu. A kantin magani akwai wasu magungunan ɗigawa da aka yi musamman don tausasa shi. A kwanakin farko kunnen kan ƙara toshewa kafin ya buɗe, kada wannan ya tsorata kowa. Idan za a wanke da ruwa, sai ruwan ya zama daidai da ɗumin jiki, wajen digiri 37, domin mai sanyi ko mai zafi yana jawo jiri mai tsanani.

Amma ba kowa ne zai ɗiga ko ya wanke ba. Wanda dodon kunnensa ya taɓa hujewa, ko aka taɓa yi masa aiki a kunne, ko kunnen yana ciwo ko zubar da ruwa, ya bar komai ya ga likita. Akwai kuma wani abu da na ga ya kamata kowa ya sani: idan ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, cikin sa'o'i ko kwana biyu uku, ba lallai datti ba ne. Yana iya zama matsalar can cikin kunne wadda maganinta ke buƙatar gaggawa, kuma mai wannan hali shi ma "toshewa" yake cewa yana ji. A ganina wannan ita ce ɓarnar kyandir da ba a cika ambata ba. Mutum zai ga dunƙule a faranti ya ɗauka ya gano matsalarsa, ya yi ta ƙona kyandir yana jiran sauƙi, alhali kwanakin da magani zai yi amfani suna wucewa.

Ni dai na koma amfani da na'urar sauraro mai rufe kunne ta waje, in na yi wanka kuma bakin kunnen kawai nake gogewa da tawul.

Abin da ya fi ɓata mini rai a takardar shi ne layin da ya ce ana iya yi wa yara. Ni babba ne, na san wuta ce a saman kaina, duk da haka sai da aka yi ta roƙona kar in motsa. Yaro ba zai kwanta minti 15 bai juya ba, ramin kunnensa ya fi nawa tsukewa, kuma in kaki mai zafi ya ɗiga ciki zabura zai yi da kyandir mai ci a kunnensa. Gargaɗin FDA na 2010 ya ambaci ƙananan yara da jarirai musamman saboda wannan. Farantin takardar yana tare abin da ya faɗo ta waje ne kawai, wanda ya gangaro ta cikin bututun kai tsaye dodon kunne ya nufa. Ban ga wanda zan ba shawarar ya saya ba, babba ko yaro. Wanda kuma kwali ya riga ya shigo hannunsa, kafin ya kai shi kusa da kan wani, ya samu kwalba mai tsabta ya kunna guda ɗaya a bakinta, ya tsaga ya duba, sannan ya ɗaga kwalbar ya leƙa gindinta.